Karuwanci a Legas: inda doka ta yi magana, inda ta yi shiru, da matsayin baƙo

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun Hausawan Legas, daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende. Wani zai rantse maka cewa a Kudu karuwanci sana'a ce da gwamnati ta san da zamanta. Hujjarsa ita ce matan da ke jeruwa a bakin titin Allen Avenue bayan sha ɗayan dare, ga motar 'yan sanda a gefe, ba wanda ya ce musu uffan. Wani kuma zai ce ƙarya ne, ai shi da idonsa ya ga an kwashe su an zuba a mota. Kowannensu ya ga abin da ya ce ya gani. Inda suka ɓata shi ne zaton cewa doka ɗaya ce, mai amsa ɗaya, a ƙasar da ke da kundin laifuffuka fiye da uku.

Tambayar ta fi nauyi idan baƙo ne ya yi ta. Kuma idan an ce baƙo a Legas, kada hankali ya tafi kan Baturen kamfanin mai da ke kwana a otal ɗin Victoria Island shi kaɗai. Ɗan Maraɗi da ya kawo raguna gab da Babbar Sallah baƙo ne. Haka ɗan Zangon Kumasi, haka ɗan Garwa ta Kamaru, haka matuƙin jirgin ruwan da ya sauka a Apapa. A wannan magana ma, Bakano ko Basakkwacen da ya sauka daga tirela yau da asuba rabin baƙo ne, domin dokar da ya baro a gida ba ita ce ya tarar ba.

A taƙaice ga yadda aka rabu. Kudu na amfani da Kiriminal Kod, wanda abin mamaki a Arewa Turawa suka fara kafa shi a 1904, suka kwaikwayo shi daga dokar Kwinsland ta Ostireliya, sannan aka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya a 1916. Gab da samun 'yancin kai Arewa ta yi nata, wato Finalkod, wanda ya fara aiki a 1960, aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan. Daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000 kuma jihohi 12 na Arewa, Zamfara a kan gaba, suka kafa dokokin laifuffuka na Shari'a. Ita kuwa Legas a 2011, zamanin Gwamna Fashola, ta rubuta nata kundin na jiha, wanda shi kotunan majistare na Ikeja da Yaba da Ebute Metta ke karanto tuhuma daga cikinsa a yau. Sai dai a kan batun da muke magana, kundin na Legas gadon tsohon ya ci, bai sauya ginshiƙinsa ba.

Ginshiƙin kuwa shi ne wannan: babu sashen da ya ce babban mutum da babbar mace, da yardarsu, a bayan ƙofa, sun aikata laifi don kuɗi ya shiga tsakaninsu. Babu sashen da ya hukunta namijin da ya biya. Zina ma a kanta ba laifin kotu ba ce a Kudu, saɓanin Finalkod da ya tanadi hukunci a sassa na 387 da 388 ga wanda al'adarsa ko addininsa ya ɗauke ta laifi, balle dokar Shari'a da ke da haddi. Wannan shi ne abin da mai gardamar farko ya hango, kuma bai yi ƙarya ba.

Amma sai ka duba abin da ke kewaye. A tsohon kundin, sashe na 223 ya kama mai nemo mace don karuwanci, wato kawali. Sashe na 225A ya yanke shekara biyu ga namijin da ke cin abinci, gaba ɗaya ko wani ɓangare, daga kuɗin karuwanci. Sashe na 225B ya haramta buɗe gidan karuwai, ya haɗa har da mai gida ko ɗan hayar da ya bari ana yi da saninsa. Sashe na 249 kuma ya sa karuwar da ke kai-komo a bainar jama'a tana nacin kiran maza cikin jerin masu zaman banza da tayar da hankali. To, matar da ba za ta tsaya a titi ba, ba za ta kama ɗaki a gidan magajiya ba, ba mai nemo mata, ba mai karɓar kaso a hannunta, ta ina za ta yi sana'ar? Dokar ta yi kamar wanda ya bar rijiya a buɗe ya kewaye ta da ƙaya: bai ce kada a sha ba, amma duk ta inda ka ɓullo sai ka taka.

Wannan tsari ba haɗari ba ne, haka Ingila take da shi har gobe, kuma daga can aka gado shi. Abin da ke damun Turawan mulkin mallaka ba tarbiyya ba ce. Tsaftar titi ce, da lafiyar sojoji da matuƙan jirgi. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwa suka cika tashar Legas, akwai samarin da ake kira boma, masu tarar baƙi a bakin ruwa su kai su gidajen mata su karɓi lada. A 1941 gwamnati ta yi doka musamman ta hana jagorancin baƙi ba tare da lasisi ba, a 1943 ta yi dokar yara da matasa, saboda ƙananan 'yan matan da ake kawowa daga ƙauyuka. A lura da wanda aka sa wa ido tun wancan lokaci. Matuƙin jirgin da ya biya ya koma jirginsa. Ɗan jagora da matar su suka kwana a hannu.

Wasu na jawo hukuncin kotu su ce ai an halatta. Abin da suke nufi shi ne hukuncin Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a watan Disamba na 2019, a ƙarar da ƙungiyar Lawyers Alert ta tsaya wa wasu mata da aka kama a samame. Kotun ta ce an keta musu haƙƙi, jaridu kuma suka buga cewa kotu ta ce karuwanci ba laifi ba ne. Kafin nan, a 2017, kotun ECOWAS ta ba Dorothy Njemanze da wasu mata gaskiya a kan gwamnatin Najeriya, bayan an kama su a titunan Abuja da dare an kira su karuwai ba tare da hujja ba, ta ce a biya uku daga cikinsu naira miliyan 6 kowace. Amma a watan Maris na 2025, wani alƙalin na waccan Babbar Kotun Tarayya, Mai Shari'a James Omotosho, ya kori wata ƙarar makamanciya, ya ce karuwanci laifi ne a ƙarƙashin Finalkod ɗin da ke aiki a Abuja. Alƙalai biyu ne masu daraja ɗaya, ba wanda hukuncinsa ya ɗaure ɗan'uwansa. Sannan duk rigimar a kan dokar Abuja ake yi. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan ya shiga caji ofis a Ikeja yana kaɗa ta, dariya za a yi masa.

Domin a Legas, maganar gaskiya, ba a kotu ake yanke yawancin waɗannan shari'o'i ba. A kan kanta ake yanke su, tsakanin ƙarfe biyun dare zuwa hantsi.

Duk wanda ya daɗe a harkar dabbobi ko kayan gwari ya san yadda abin ke gudana. Ƙaramin otal ne, ƙasa mashaya, sama ɗakuna, wasu na matafiya, wasu na matan da ke biyan kuɗin ɗaki kullum. Fatake na sauka a irinsa saboda araha da kusancin kasuwa. Tsakar dare sai a ji ana dukan ƙofofi. Ba a tambayar wa ke yin me. Mai gajeren wando, mai jallabiya, wadda ta ɗaura zani a ƙirji, duk a mota. Da asuba wayar shugaban 'yan kasuwa ta yi ƙara: "Kawu, ka taimaka, sun kwashe mu, wallahi barci nake yi." Dattijo ya sa babbar riga ya tafi. A bangon ofishin an liƙa takarda da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashin takardar ake ciniki. Idan aka ji Hausar yaron ta Damagaram ce, aka nemi takardunsa ya fara lalube, sai farashi ya tashi, a fara ambaton jami'an shige da fice. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan raguna ya kawo, ga rasit ɗin kasuwa." A ƙarshe a daidaita. Babu takardar tuhuma, babu sashen da aka karanta, domin in za a karanta ɗin, babu wanda ya hau kan yaron. Matan kuwa, waɗanda ba su da dattijo mai babbar riga, su ne ke daɗewa a ciki, wasu a gurfanar da su a kotun tafi-da-gidanka da tuhumar tayar da hankalin jama'a, su amsa laifi don a ci su tara su fita, wasu kuma abin da ake nema a wurinsu kafin a sake su ba ya faɗuwa.

A ganina nan ne ainihin illar dokar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ba ta rage sana'ar ba, duk mai ido ya shaida. Ba ta kare matan ba. A 2019 wani mutum, Gracious David-West, ya riƙa yaudarar mata zuwa otal-otal a Fatakwal yana kashe su, sai da gawarwaki suka yi yawa kafin a kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020. Matar da ta san in ta je kai ƙara ita za a fara tsarewa ba za ta je ba. Wanda ya ci ribar wannan duhu shi ne mai karɓar na goro. Ga shi kuma tun 1989 aka soke laifin yawon banza a dokar ƙasa, kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawa a Disamba 2020 cewa irin waɗannan dokokin zaman banza sun saɓa wa yarjejeniyar nahiyar, Legas da kanta ta gyara dokarta a 2021 ta hana baje kolin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. Duk suna nan a takarda.

Baƙo dai yana da haƙƙoƙin da ɗan ƙasa ke da su idan aka kama shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan babu, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ƙara masa ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Bature ya san da wannan, shi ya sa ba a cika wasa da shi ba. Ɗan Nijar sau da yawa bai sani ba, ko ya sani yana tsoron tonon silili.

Sai dai fasfo ba garkuwa ba ne. Ƙarin kaya ne, domin baƙo dokoki uku ke kansa a lokaci guda.

Ta farko ita ce ta Legas da muka gani. Ta biyu dokar shige da fice. Tun dokar 1963 aka lissafa karuwa da mai gidan karuwai da kawali cikin mutanen da ba a yarda su shigo ƙasar ba, kuma dokar 2015 da ta maye gurbinta ta bar wa ministan cikin gida ikon korar baƙon da aka ga zamansa bai dace ba. Ma'ana, abin da kotun majistare ba za ta iya ɗaure 'yar Najeriya a kansa ba, zai iya sa a tasa ƙeyar 'yar Togo ko 'yar Kamaru zuwa iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba biza har kwana 90, amma ba ta ɗauke wa ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ta hana ba. Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar tun asali, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice a Janairun 2025, abin da ya sa 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suka ƙara zama abin taɓawa a hannun jami'in da ke neman dalili.

Ta uku ita ce dokar ƙasar da baƙon ya fito, wadda ke biyo shi har ɗakin otal. Duniya ba ta da baki ɗaya a nan. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a 2000, Jamus ta mayar da abin sana'ar da doka ta amince da ita a 2002, Senegal tun 1969 take yi wa mata rajista da katin asibiti. Suwidin kuwa a 1999 ta juya abin, ta ce mai saye ne mai laifi, ba mai sayarwa ba. Faransa ta bi sahu a 2016. Norwe, da ta yi tata a 2009, ta ce ɗan ƙasarta ko a waje ya saya ya yi laifi. Saboda haka Bajamushe da ɗan Norwe za su iya kwana a otal ɗaya a Lekki, su aikata abu ɗaya, ɗaya ya koma gida ba komai, ɗayan ya koma da laifi a wuyansa.

Duk wannan sassauci da ruɗani a kan manya ne. Da zarar an sauko ƙasa da shekara 18, dokar ta daina inda-inda. Sashe na 137 na kundin Legas ya yanke ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Legas ta yi tata a 2007, ta toshe ƙofofi biyun da masu laifi ke gudu ta cikinsu: cewa ka zaci ta girma ba hujja ba ce, cewa ta yarda ma ba hujja ba ce. Wannan wuri ne da ya kamata mutanenmu su buɗe kunne, domin wanda ya taso inda ake auna girman mace da ido zai iya ɗauka 'yar shekara 16 babba ce. Alƙalin Ikeja takardar haihuwa zai duba. Tun 2018 jihar ke da kotu ta musamman a kan laifukan fyaɗe da cin zarafi, tana kuma da rajistar masu irin wannan laifi tun 2014, kuma ɗaurin rai da rai a can ba barazana ba ce, ana yankewa. Ba'amurke kuma ko ya tsere daga nan, dokar ƙasarsa ta 2003 ta tanadar masa har shekara 30 a kan abin da ya aikata da ƙaramar yarinya a ƙasar waje. Ingila ma tana hukunta 'yan ƙasarta a kan haka.

Haka batun safarar mutane. An kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003, bayan fafutukar da Hajiya Titi Abubakar ta jagoranta, aka sabunta dokarta a 2015. Dokar ba ta tsaya kan masu kai 'yan mata Italiya ba, duk da cewa can ne abin ya fi ƙamari: a 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya kimanin 11,000 suka isa Italiya ta teku, hukumar ƙaura ta duniya ta ƙiyasta kashi 80 cikin ɗari na cikin haɗarin faɗawa hannun masu safara, har ta kai Oba Ewuare na Biyu, sarkin Benin ta jihar Edo, ya tsine wa masu harkar a 2018 ya warware rantsuwar da ake ɗora wa 'yan matan. Dokar ta shafi wanda ya ɗauko yarinya daga Kwatano ko daga wani ƙauyen Binuwai da sunan aikin shago ya ajiye ta a Ijora Badia tana biyan bashin da ba ya ƙarewa. Ta kuma yanke aƙalla shekara 7 ga mai shirya tafiye-tafiyen ƙasashen waje da ke tallata karuwanci. A ɗaya hannun, ta ce wadda aka yi safararta ba a tsare ta ko a tuhume ta saboda rashin takardu, domin ita aka zalunta. Mai biya ba shi da hanyar sanin wace ce ta zo da ƙafarta, wace ce magajiya ta riƙe wa fasfo. Ba sa sa alama a goshi.

Wani zai ce to me ya kawo wannan dogon bayani, alhali mu Musulmi ne, mun san hukuncin zina? Ai sanin abin da kotu ba ta hukuntawa ba ya mayar da haram halal, ba kuma wanda ya ce haka. Amfanin bayanin yana wani wuri dabam, wurin da ya fi shafar Bahaushen Legas fiye da kowa, ko da bai taɓa kusantar alfasha ba.

Mu ne masu gadi a Ikoyi da Lekki. Mu ne direbobi, mu ne 'yan canji a bakin manyan otal-otal, mu ne masu masaukin fatake. Baƙo idan ya sauka, ba ya sanin gari, wanda ke kusa da shi yake tambaya. Maigida ya miƙo wa direba 'yan dubbai ya ce a samo masa wadda za ta taya shi hira. Mai gadi ya karɓi ɗan wani abu a hannun matan da ke shigowa gidan da aka mayar masaukin kwana ɗaya. Mai gida ya ba da hayar ɗakuna shida, ya san sarai abin da ake yi a ciki, ya ce shi dai kuɗin haya ya sani. A idon kowannensu, shi ɗan aike ne, laifin na mai yi ne. A idon doka abin a juye yake. Baƙon da ya biya, in matar babba ce kuma da yardarta, babu sashen da ya kama shi a Legas. Direban da ya nemo ta zai iya shiga sashen kawalci. Mai gadin da ke karɓar kaso ya shiga sashen cin kuɗin karuwanci. Mai ɗakunan ya shiga sashen gidan karuwai. Idan kuma aka yi rashin sa'a yarinyar ba ta kai 18 ba, dokar 2015 ta sa wa wanda ya nemo ta aƙalla shekara 7 da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba, kuma lambar wayar da za a tarar a wayarta ta direban ce, ba ta maigidansa ba.